Ɗakin Wanda Ya Tafi

Tun da na dawo daga Gure ta ƙasar Nijar ban sami sukunin taka keke ba. Duk wanda ya leƙo shago, maimakon ya tambayi ɗinkinsa, sai ya ce, "Malam Sabo, yaya Faransa?" Na faɗa wa 'yan majalisa, na faɗa wa maƙwabta, har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji rabi sai ya ƙara nasa gishirin. Jiya ma wani ya ce mini wai ya ji gadon raƙuma na je karɓowa. To ga shi a rubuce. Wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa, in ci gaba da aikina.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin Gure ne, can gabas da Damagaram. Ya shigo Kano yana saurayi, ya yi fataucin kanwa, ya yi aure, ya haife mu, ya rasu bai koma ba. A nan Malam Ali Babarbare ake ce masa, can kuwa Ari. Ba mutum ne mai labari ba. In ka tambaye shi yadda garinsu yake sai ya ce, "Yashi ne," ya ci gaba da jan carbinsa.

Ana tsakiyar zafin bazara waya ta shigo mini da lambar Nijar. Mai maganar ya ce sunansa Kiyari, tsohon malamin makaranta, wani falke mai kawo dabino ne ya samo masa lambata. Ya ce suna da 'yar ƙungiya ta masu kula da kayan tarihi da tsofaffin gine-ginen garin, kuma a zauren gidan kakana suka ajiye kayan da mutane ke zuwa kallo, don yana cikin gidajen ƙasa mafiya tsufa da suka rage. Ɗakin mahaifina kuwa bango ɗaya ya haɗa shi da zauren. Saman ɗakin ya tsage. In ruwan bana ya same shi haka zai zube, in ya zube kuma zai ja zauren su tafi tare.

Na ce, "To ku gyara mana, Malam. Na yarda."

Ya ce, "Ba ya yiwuwa. A nan ba a taɓa ɗakin wanda ya tafi. Duk wanda ya yaɓe ɗaki, ya ce nasa ne ke nan. Sai ɗansa ya zo ya sa hannu da kansa, sannan mu bi baya."

Na ce ko in aiko da murya ta waya a kunna wa dangi? Ya yi dariya ya ce murya ba ta riƙe laka. Maiɗakina ta ce da wannan gwiwar tawa ko masallaci da ƙyar nake zuwa. Ƙannena mata suka ce in je, duk abin da na yanke sun yarda. Na ɗaure gwiwa na tafi.

Daga Kano zuwa Daura ba labari, hanyar kun san ta. A bakin iyaka aka sauke mu duka, aka tattara katunanmu, muka tsallaka a ƙafa. Jandarman da ke duba katin, wani dogo siriri, ya tambayi sana'ata, na ce tela. Sai ya dubi hagu ya dubi dama, ya nuna mini maɓallin aljihun rigarsa yana reto da zare ɗaya. Ni kuwa ba na rabuwa da allura a cikin hula. Nan a tsaye na ɗinke masa, fasinja suna rana suna tsaki. Wata tsohuwa ta ce, "Mu gode Allah ba wanzami ba ne, da sai an aske barikin nan kaf kafin mu wuce." Har shi jandarman sai da ya dara.

A Damagaram na sauka wurin wani tela mai suna Ilu, wanda wani abokin sana'a ya haɗa ni da shi. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa. Ina yin sallama ya ɗaga murya ya ce wa maƙwabtansa, "Ku ƙirga almakasanku, Bakano ya shigo gari!" Na ce masa almakashin da ke yanka wuyan riga a karkace haka ko kyauta aka ba ni ba na so. Daga nan muka zama 'yan uwa. Ya ba ni tabarma da shayi da burodinsu, dogo kamar sanda, mai ɓawon da ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Hausarsu tamu ce, sai dai shago butik ne, makaranta lakwal, kwalta kuma gudiro. Wani abin da ya ba ni mamaki, rana na take tsaka sai kowa ya ja ƙofa ya kwanta. A Kano in ka rufe shago da azahar maƙwabcinka zai zo tambayar wa ya rasu.

Washegari na shiga motar Gure. Kusa da ni wani makiyayi ne mai zuwa Alakos, ya rungume ɗan akuya a cinya kamar jariri. Mutumin kirki ne, ya ba ni cuku, wani busasshen abu na nono mai faɗi, da farko na zaci kwali ne, amma da na jiƙa shi a baki na ji daɗinsa. Ina cikin yaba cukun ashe ɗan akuyar ya kama aikin wuyan babbar rigata yana taunawa, aikin hannu da koren zare, ni na zauna na yi abina. Mai akuyar ya ba ni haƙuri har na ji kunya, ya ce dabbar ba ta ga kore mai kyau haka ba tun bara. Mun wuce Miriya da Gidimuni lafiya. Bayan Gidigir muka tarar yashi ya kwanto ya rufe rabin gudiro, motar ta kafe, aka ce maza su sauko. Na tura da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da gwiwa. Can ba wanda ya yi wa direba faɗa. Da a hanyarmu ce da an zage shi tas.

Kiyari ya tare ni a tasha da wani tsohon babur. Gajere ne, mai furfura, da tabarau ɗaure da zare. Duk garin Mushe suke ce masa, wato malamin makaranta, ni dai bakina bai iya ba, Malam na riƙa ce masa. A zaurensa ya sauke ni. Aka kawo burabusko da miyar kuɓewa busasshiya, da dabinon kwarurrukan da ke bayan gari, inda suke noman lambu a tsakanin tuddan yashi. Masu zuwa gaishe ni kowa sai ya fara da Barbarci, don an ce musu ɗan Ari ne. In na yi zuru sai su juya Hausa, ba tare da sun nuna komai ba. Wallahi da sun yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Da yamma ya kai ni gidan kakana. Ku cire wani gini mai gilashi daga ranku. Zaure ne babba na ƙasa, da 'yan ɗakuna a gefensa, rufin azarar goruba ya yi baƙi ƙirin. A ciki akwai sirdin raƙumi, da garkuwar fata, da akusa, da masaƙa, da tukwanen dafa manda, da alluna, da wani keken ɗinki na hannu da na daɗe ina shafawa. Kayan duk na mutane ne, aro aka ba su. Muna tsaye wata mata ta shigo ta ce a ba ta babbar tukunyar kakarta, suna da suna jibi. Malam Kiyari ya taya ta ɗauka, ya ce ta wanke kafin ta dawo da ita. 'Yan ƙungiyar tsofaffin malamai ne, da wani tsohon direba, da wata unguwarzoma. Aikinsu na kullum kwashe yashin da ke taruwa a gindin bango, da lallashin magada kada su rushe. Ya nuna mini tsagar daga cikin zauren. Hannuna ya shige har wuya, ina hango hasken waje.

Washegari da hantsi aka tara dangi a tsakar gidan. Babban namijin da ya rage shi ne Bukar, ɗan wan mahaifina, na girme shi kaɗan. Sai Gwaggo Fanna, ƙanwar mahaifina, tsohuwa tukuf, ta ranƙwafa, tana zaune a bakin ɗakinta. Suka yi mini ta'aziyyar mahaifina sabuwa fil, kamar jiya aka binne shi, aka shafa fatiha, Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai aka juyo gare ni ana jiran baƙo ya yi magana.

To kun san tarbiyyarmu. Mutum ba ya zuwa gidan da bai taɓa kai ko goro ba ya buɗe baki da "nawa ne". Ba na so a ce Bakano ya zo neman gado. Sai na gyara murya na ce, "Ni ban zo karɓar komai ba. Ɗakin nan, ni da ƙannena mun bar muku shi halak malak. Ku yi yadda kuka ga dama da shi."

Ina jiran a ce Allah ya yi albarka. Bukar ya ɗago kai da sauri ya ce, "Yaya, ka faɗa a gaban mutane fa." Na ce na faɗa. Malam Kiyari ya cire tabarau ya hau gogewa da bakin riga. Gwaggo ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki asabari.

Sai da muka fito kan hanya Malam Kiyari ya ce, "Ka san abin da ya hana a raba gidan nan tun rasuwar kakanka? Mahaifinka. Magaji ɗaya ba ya nan, ba a san inda yake ba, ba mai iya rabawa, ba mai iya sayarwa. Rashin dawowarsa ne ya tsare gidan. Yanzu ka ba da ɗakin, ya faɗa hannun Bukar. Ɗakin kuwa shi ke kallon gudiro. Zai fasa shi ya yi butik na bulo, kuma ba a fasa shi zauren ya tsaya." Ya nuna mini jerin shaguna masu ƙofar ƙarfe a tsallake, ya ce nan ma da wani tsohon soro ne, sun yi ta roƙo ba su samu ba.

Na ce, "Haba Malam! Me ya sa ba ka gaya mini tun jiya ba?"

Ya ce, "Na zaci za ka zo da halinku na Kanawa, ka ce ko ƙusa ba ka bari. Ina na san mai kunya za a aiko mana?"

Raina ya ɓaci, da shi da kaina duka. Na koma gidan ni kaɗai don in ba Gwaggo haƙuri. Ba ta amsa haƙurin ba, sai ta kama hannun rigata ta ja ni zuwa bangon ɗakin, ta ce, "Duba, ɗan Ari."

Daga sama bangon ya zaizaye, tubali a waje, ga ramukan da ruwa ya ci. Amma daga daidai goshina zuwa ƙasa sumul yake. Da na matsa sai na ga ba yaɓe ɗaya ba ne. Shafi ne kan shafi, wani ja, wani fari-fari, gwargwadon ƙasar da aka samu a shekarar, kuma kowanne da sawun yatsu. Na can baya ya kai goshina, na bayansa ya tsaya a kafaɗa, haka suke ta saukowa, na bana ko ƙirjina bai kai ba. Ta ce ƙanwa in ta shafa ƙasa a ɗakin wanta ba mai cewa ƙwace take yi, gyaran mata ne, kamar shara. Sama kuwa na maza ne, ba ta da ikon hawa. Ta ce ranar da zai tafi ya ce mata ta kula masa da ɗaki, bayan kaka zai dawo. Tun tana budurwa take yi, ta yi aure tana zuwa tana yi, mijin ya rasu ta dawo gida ta ci gaba. Ta ce, "Yanzu hannun ba ya ɗaguwa. Na ce ɗansa ya zo, ashe kyauta ya zo yi." Daga nan na fita neman Bukar.

Bukar yana da rumfar zana a bakin gudiro, yana facin taya yana sayar da mai a kwalabe. Can na same shi da rana tsaka, shi kaɗai ne bai rufe ba. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na ce masa na zo roƙo, ya mayar mini da maganata.

Ya ce, "Yaya, kana da shago a Kano?"

Na ce ina da shi.

"Na bulo? Da ƙofar ƙarfe?"

Na ce e.

Ya ce, "Ni rumfar nan duk iskar farkon damina sai ta ɗauke ta, in bi ta da gudu kamar mahaukaci. Gidana cike da yara. Masu zuwa kallon akushi ko kwalba ɗaya ba su taɓa saya a wurina ba. Mushe yana zaune ana biyansa fansho, yana da lokacin son tsohon bango. Ni a gidan nan aka haife ni, ban tafi ko'ina ba. Kai ka zo jiya, ka ba ni da safe, ka dawo karɓa da rana."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ce masa gaskiya ce. Na ce ba ni da hujja sai ɗaya, na yi magana ban ga bangon ba. Ya ci gaba da ba taya iska bai dube ni ba, can ya ce sai ya yi tunani.

Ranar Asabar ƙungiyar ta sa gayyar yaɓe. Tun da safe ga gajimare ya fara leƙowa daga gabas, Malam Kiyari yana ta ɗaga kai. Mutane suka zo da yawa, ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, ana yaɓe sauran bangayen zauren, mata na kawo ruwa. Ɗakin mahaifina kuwa ko inuwarsa ba wanda ya shiga, don a idon kowa na Bukar ne yanzu, Bukar kuma bai zo ba. Na tsaya a gefe kamar baƙon biki. Hantsi ya ɗaga sosai sannan muka ji ƙarar amalanke. Bukar ne, da jaki, ya ɗebo jar laka daga kwari. Ya juye ta a gaban ɗakin, ya kakkaɓe hannu, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Yaya, na mayar maka da maganarka. Ba don Mushe ba, ba don akushi ba. Don tsohuwar nan ce, ita ta goye ni. Amma ku shaida. Duk bazarar da ba ka zo ka sa hannu ba, kai ko ɗanka, ba zan kira ka a waya ba. Diga zan ɗauko."

Na ce na ji, na kuma yarda. Ina faɗa ina jin tsoro, don na san shekaruna, na san gwiwata, na kuma san 'ya'yana ko a taswira ba su san inda Gure take ba.

Aka kafa tsani. Na naɗe wando na hau da ƙyar, Bukar na riƙe da shi. Aka miƙo mini curin laka, na yi bisimilla na manna shi a hankali, yadda nake ɗora aljihu a riga. Ya ɓalle ya faɗo tim a kan hular Malam Kiyari. Wuri ya kaure da dariya, wani ya ce yau Kano ta ci Gure da yaƙi. Bukar ya ce, "Ba lallashinsa ake yi ba, Yaya. Jiƙa bangon, ka maka shi da ƙarfi." Na jiƙa, na maka, ya zauna. Ban gama saukowa ba magina sun haye rufin, suna zare ruɓaɓɓun azara suna sa sababbi, suna cike tsagar.

Da la'asar yaɓe ya sauko daga sama har ya iso inda shafin Gwaggo ya fara. Ni ke wajen, don nan ne hannuna ke kaiwa ba tsani. Malam Kiyari ya riƙe mini hannu ya ce, "Tsaya. A bar wannan haka. Wannan ai shi ne tarihin, ya fi duk abin da ke cikin zauren. Mu yi masa 'yar rumfa, masu zuwa su riƙa gani." Magini ya ce in ba a haɗe yaɓen har ƙasa ba ruwa zai shiga ta tsakani, amma in an ce a bari shi ba ruwansa. Ni ma a raina na fi son a bari. Na tsaya da laka a hannu.

Gwaggo ta tambayi abin da ya tsai da aiki, aka gaya mata da Barbarci. Ta dogara sanda ta taho har gindin bangon. Ta dubi sawun yatsunta, ta dubi Malam Kiyari, sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Rufe, ɗan Ari. Ba don a kalla na yi ba. Don ya dawo ya tarar da ɗakinsa na yi."

Na jiƙa bangon na maka lakar a kan yatsun nata, na bi da tafin hannu na shafe, tun daga na goshi har na ƙasa. Tana tsaye ba ta motsa ba sai da na rufe na ƙarshe. Sannan ta juya ta ce wa matan su kawo wa ma'aikata fura.